Kasuwar Cikin Wasa: Kuɗi Na Yawaita, Talaka Na Ƙara Nisa da Kaya

Duk shekara, da zarar Satumba ta kusa ƙarewa, wata kasuwa kan buɗe a ɗakunan samarinmu na Jidda da Makka da Madina, iyaye da yawa kuma ba su san da zamanta ba. Tana da farashi mai hawa da sauka, tana da dillalai da masu ɓoye kaya, tana da haraji, tana da attajiranta da talakawanta. Kasuwar katunan 'yan ƙwallo ce da ke cikin wasan nan da kowa ya sani da FIFA, wanda tun 2023 ya koma EA Sports FC. A sashensa na Ultimate Team, yaro yana haɗa ƙungiyarsa da katuna, ya saya ya sayar tsakaninsa da miliyoyin mutanen da bai taɓa gani ba, da wani kuɗi na cikin wasan da suke kira koyin. Duk wanda ya taɓa zama da shabab a istiraha daren Alhamis ya san kukansu: kayan kirki sun gagari mai ƙaramin ƙarfi, ladan wasa yana nan inda yake, masu miliyoyi kuwa kullum gaba suke ƙara yi.

Manya kan yi wa wannan kuka dariya, su ce ai wasa ne. Ni ban ga abin dariya ba. Gaskiya yaran suke faɗa, kuma abin da suke gani a allo yana da dalilai da za a iya bin sawunsu. A irin waɗannan wasanni, hauhawar farashi da taruwar dukiya a hannun 'yan ƙalilan daga tushe ɗaya suke tsirowa, kuma kamfanin da ke da wasan yana da riba a tazarar da ke tsakanin mai shi da maras shi. Da riyal na gaske ake cike wannan tazara, daga aljihun iyaye.

Daga ina kuɗin ke fitowa tun farko? A rayuwar yau da kullum, riyal ɗarin da ya shigo hannunka daga hannun wani ya fita. Maigida ya biya ka albashi, nasa ya ragu, naka ya ƙaru. A cikin wasa ba haka ba ne. Koyin ɗin da ake ba ka bayan an busa tashi, ko zinaren da ke zubowa idan ka kashe dodo a wasannin yaƙi, bai fito daga aljihun kowa ba. A daidai wannan lokacin aka ƙirƙire shi. Ke nan kowane ɗan wasa ɗan ƙaramin gidan buga kuɗi ne, ga su kuma miliyoyi suna bugawa dare da rana. Masu tsara wasanni suna kwatanta abin da famfo da magudana. Famfo shi ne duk hanyar da sabon kuɗi ke shigowa: ladan wasa, kyautar mako, sayar wa kwamfuta katin da ba ka so. Magudana ita ce duk hanyar da kuɗi ke ɓacewa gaba ɗaya: harajin ciniki, gyaran makami, sayen fakiti (ƙunshin katunan da ba ka san abin da ke ciki ba) a shagon kamfani. Cinikin ɗan wasa da ɗan wasa ba ya cikin ko ɗaya, don hannu kawai kuɗin ya sauya. Idan abin da ke zubowa ya fi abin da ke tsiyayewa, kaya kuma ba su ƙaru daidai da shi ba, sai farashi ya tashi.

Kusan kullum famfon ne ke rinjaye, dalilin kuma a fili yake. Lada shi ke riƙe mutum a gaban allo. Kamfanin da ya rage lada zai ga jama'a sun watse, wanda ya ƙara haraji zai sha zagi a intanet na makonni. Ga shi 'yan wasa kullum ƙara ƙwarewa suke yi wajen gano hanyar da ta fi kawo kuɗi, su koya wa juna. World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, ya daɗe sosai har ana iya ganin abin a tsawon shekaru. A farkonsa, abin hawa mai sauri yana cin zinare wajen 1,000, kuma mutum kan yi makonni yana tarawa. A 2018 kamfanin Blizzard ya fito da wata ƙatuwar dabbar hawa, ya sa mata farashin zinare miliyan 5, aka kuma samu masu saye. A tsakani, a sabon babin wasan da ya fito a 2014, an ba kowa sansaninsa da barorin da zai riƙa aikawa su samo masa zinare, shi yana zaune. Mai jarumi ɗaya ya samu rabo ɗaya, tsohon hannu mai jarumai goma ya samu goma.

Da a ce sabon kuɗin yana sauka daidai a kan kowa, da abin bai wuce ƙarin sifiri a bayan lambobi ba. Amma ba ya sauka daidai, kakanninmu kuma sun ga haka da idonsu. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. A daidai wannan zamani kamfanonin Hambug suka duƙufa jigilar wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Legas da maƙwabtanta, jirgi bayan jirgi, dubban tan. Wanda ya sauke wurin a bakin teku ya sayi manja da tsohon farashi. Kafin wurin ya ratsa daji ya bazu a kasuwannin cikin ƙasa darajarsa ta zube, har ta kai a ƙarshen ƙarnin ladan ɗan dakon da zai ɗauki buhun wuri tafiya mai nisa yana iya cinye abin da ke cikin buhun. Masaƙi da manomi da suka adana guminsu a wuri su suka biya. Masana tattalin arziki suna danganta wannan lura ga Richard Cantillon, wani mai harkar banki na ƙarni na 18: wanda sabon kuɗi ya fara shiga hannunsa shi ke cin riba, wanda ya isa gare shi a ƙarshe shi ke ɗaukar asara.

A cikin wasa, wa ke tsaye a bakin tekun? Wanda ya riga ya tara. Mai makami mafi ƙarfi shi ke iya kashe dodon da ya fi zubar da zinare. A FC, mai ƙungiya mafi tsada ya fi kowa damar cin wasannin gasar ƙarshen mako, inda manyan kyaututtuka suke, kyautar kuma ta ƙara wa ƙungiyarsa ƙarfi don mako mai zuwa. Wanda ya biya kuɗin bugu mai tsada na wasan yana shiga kasuwa kwanaki kafin sauran jama'a, lokacin da kaya ke da araha don kuɗi bai yawaita a hannun mutane ba tukuna. An ƙara wa Barno dawaki ke nan. Shi kuwa sabon shiga, ladansa a rubuce yake cikin tsarin wasan, lamba ce tsayayya. Kasuwa ta tashi ko ta faɗi, abin da za a ba shi bayan minti goma sha biyar na gumi bai canja ba.

Mu yi lissafi da lambobin misali. EA, kamfanin da ke da wasan, na cire kashi 5 cikin ɗari daga kuɗin duk katin da aka sayar a kasuwa. A ce akwai katin da ake sayarwa koyin 10,000, ana kuma hasashen kamfani zai fito da wani ƙalubalen haɗa ƙungiya da zai sa a yi rububin irinsa. Ƙalubalen ya fito, kati ya koma 12,000. Bayan haraji mai sayarwa zai karɓi 11,400, ribar 1,400 ke nan a kan kowane kati. Yaron da duk abin da ya mallaka 20,000 ne, kati biyu zai iya saya, ribarsa 2,800, kuma sai ya sayar da 'yan wasan da yake bugawa da su kafin ya haɗa jarin. Mai miliyan ɗaya ya sayi ɗari, ribarsa 140,000, bai ko taɓa ƙwallo ba. Idan ladan wasa ɗaya 500 ne, sai yaron farko ya buga wasa 280 kafin ya tara abin da na biyu ya samu a dare ɗaya, wato awa 70 in kowane wasa na cin minti 15. Hasashensu ɗaya, wayonsu ɗaya, jari ne kawai ya raba su. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan kuma hasashen ya ci tura, mai miliyan yana da ƙarfin jira har farashi ya dawo, ko ya ɗauki 'yar asara ya shiga wani cinikin. Ɗaya yaron ya tashi ba ƙungiya ba kuɗi. Kar kuma a manta, masu kwashe kati ɗari ɗari a lokaci guda suna cikin waɗanda ke tayar da farashin da kansu, su dawo su sayar wa ƙananan da ke buƙatar kati ɗaya tak don kammala ƙalubalen.

Yaran da suka san kasuwar FC za su ce ai katuna faɗuwa suke yi, ina hauhawar take? Gaskiya ne, katin da aka saya da tsada a Oktoba yakan koma abin banza kafin tsakiyar kakar wasan. Sai dai faɗuwar tana zuwa ne saboda kamfani na fitar da sababbin katuna masu ƙarfi kusan kowane mako, gwarazan mako, gwarazan shekara, gwarazan kaka, kowane rukuni ya fi na baya gudu da harbi. Abin da ke ƙara tsada shi ne ƙungiyar da za ta iya tsayawa a fili ba a yi mata ruwan ƙwallaye ba. Mai ƙaramin ƙarfi yana riƙe da kayan da ke narkewa a hannunsa, mai jari ya sayar kafin faɗuwar ya koma kan sabon kati. Awa ɗaya ta wasan talaka tana saya masa ƙasa da abin da ta saya a watan jiya idan aka auna da abin da abokan karawarsa ke riƙe da shi, ko da lambobin kasuwa sun nuna ragi.

A wasannin da ba a share su duk shekara, abin ya fi fitowa fili. RuneScape, na kamfanin Jagex da ke Kambirij a Ingila, ya watsa wa 'yan wasa wasu hulunan takarda kyauta a bikin Kirsimetin 2001. Hular ba ta ƙara ƙarfi, ba ta tare sara. Darajarta ɗaya ce: ba a sake fitar da irinta ba. Da zinare ya yi ta yawaita shekara bayan shekara, masu tarin dukiya suka nemi inda za su ajiye ta kada ta narke, sai suka afka wa hulunan. Farashin wasu ya haura 2,147,483,647, iyakar tsabar da tsarin wasan ke iya ƙirgawa a tari guda a lokacin, har sai an haɗa da wasu kaya kafin a kammala ciniki. Wanda ya tsinci hula a ƙasa yana yaro ya ajiye ta, ya wayi gari ya fi wanda ya shekara goma yana saran itace da kamun kifi a wasan. Mutanenmu masu aika kuɗi gida sun san wannan hali. Bayan an saki naira a Yunin 2023, ta tashi daga ƙasa da 500 zuwa sama da 1,500 a dala ɗaya cikin shekara guda. Mai fili da mai dala suka tsira, mai albashi da mai ajiya a banki suka kwana ciki.

Akwai kuma famfon da ba kamfani ne ya buɗe ba. Muddin akwai mai son sayen kuɗin wasa da kuɗin gaske, za a samu mai noma shi don sayarwa. Wasu da manhajar bot suke yi, asusu dubbai suna wasa da kansu ba barci ba hutu. A kakar FIFA 15 abin ya kai maƙura: shafukan sayar da koyin suka cika intanet, suna ɗaukar nauyin masu bidiyo a YouTube, koyin ya yi ambaliya, manyan katuna suka koma miliyoyin da mai wasa da hannunsa ba zai taɓa tarawa ba. A Maris 2015 EA ta yanka wa kowane kati iyakar farashi ta ƙasa da ta sama, tsarin da ake kai har yau. Wasu manoman kuwa mutane ne masu iyali. Da kuɗin Benezuwela ya lalace, da yawa daga 'yan ƙasar sun koma noman zinare a Old School RuneScape, wato tsohon samfurin RuneScape, suna sayarwa da dala, don zinaren wasan ya fi kuɗin ƙasarsu riƙe daraja. Lokacin da wutar lantarki ta ɗauke a faɗin ƙasar a Maris 2019, 'yan wasa a wasu nahiyoyi sun ga alamar hakan a farashin kasuwarsu. Ba na iya jin haushin mutumin da ke ciyar da 'ya'yansa ta wannan hanya. Amma zinaren da ya noma hannun mai dala yake tafiya, mai dala kuma ya shiga kasuwa ya tayar wa kowa farashi.

Maganin da kamfanoni suka fi so shi ne harajin ciniki. A Disamban 2021 Jagex ta sa kashi 1 cikin ɗari a kan abin da aka sayar a babbar kasuwar Old School RuneScape, a 2025 ta mayar da shi kashi 2, tana kuma amfani da wani ɓangare na kuɗin tana sayen wasu kaya tana hallaka su don kada su yi yawa. Dabara ce mai kyau. Sai dai an sa wa harajin rufi na miliyan 5 a kan kowane kaya. A lokacin kashi 1, wanda ya sayar da kayan miliyan 100 ya biya miliyan 1, wanda ya sayar da na biliyan 1 ya biya miliyan 5, rabin kashi ɗaya ke nan. Mafi girman ciniki shi ya fi samun sauƙi. Matsalar ma ta wuce rufin. Harajin ciniki motsi yake kamawa. Yaron da ke sauya ɗan wasa kowane mako saboda bai kai ga wanda yake so ba, duk sauyi sai an yanke masa. Tarin dukiyar da ke kwance a asusun attajiri kuwa babu mai taɓa ta. Kayan alfarma masu tsada, irin dabbar miliyan 5 ɗin nan, sun fi adalci, don mai kuɗi ne kaɗai ke biya kuma da son ransa. Amma ita ma dabbar tana ɗauke da dillalin gwanjo a bayanta, mai ita yana iya ciniki a duk inda yake, sauran sai sun koma gari. An karɓi kuɗinsa, an ba shi abin da zai ƙara tara wani.

Babu kamfanin da ya ɗauki wannan al'amari da gaske kamar CCP na ƙasar Aisland, masu EVE Online, wasan jiragen sararin samaniya. A 2007 suka ɗauki masanin tattalin arziki, Eyjólfur Guðmundsson, aiki, kuma har yau suna fitar da rahoton tattalin arzikin wasan duk wata. A wasansu jirgin da aka fasa ya tafi ke nan har abada. A yaƙin da 'yan wasa suka gwabza a yankin B-R5RB na cikin wasan a Janairun 2014 an hallaka manyan jiragen Titan guda 75, asarar da aka ƙiyasta da wajen dala 300,000. Duk da irin wannan magudana, gyaran da aka yi wa manyan jiragen haƙar ma'adinai a 2016 ya ba manyan ƙawance damar tara dukiyar da ba a taɓa gani ba. Da kamfani ya farga ya fara tsuke albarkatu daga ƙarshen 2019, farashin jirage ya tashi, waɗanda suka riga suka cika rumbunansu suka ga kayansu sun ƙara daraja, masu tasowa kuma aka rufe musu ƙofar da na gaba suka bi. An gudu ba a tsira ba. Tsuke famfo fiye da kima ma yana da tasa cutar: a New World na Amazon, a 2021, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci har mutane suka koma musayar kaya da kaya.

Mu da muka tashi cikin tsarin zakka, bai kamata wannan giɓi ya ɓace mana ba. Zakkar kuɗi tana bin dukiyar da ta kai nisabi ta kuma shekara, a fitar da ɗaya cikin arba'in. Wanda bai kai nisabi ba babu komai a kansa, abin da aka fitar kuma ga mabuƙata yake tafiya. A Suratul Hashri, aya ta 7, inda ake bayanin rabon fai'i, an ambaci dalili ƙarara: don kada dukiya ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kawai. Ba hukunci nake nema wa koyin ba, wannan fagen malamai ne. Tsarin nake nunawa. Wasan da zai riƙa yankar wani ɗan kaso daga tarin da ya haura wata iyaka, ya kuma ɗaure ladan sabon shiga da farashin kasuwa yadda in kaya sun tashi lada ya tashi, ya taɓa ciwon a inda yake. Na san abin da za a ce: attajirai za su raba kuɗin a asusu da yawa, ko su mayar da shi kaya, wasu tsofaffin hannu kuma su yi fushi su tafi. Haka ne. Amma kamfanin wasa yana ganin kowane asusu, kowane ciniki, kowace tsaba daga ranar da aka ƙirƙire ta. Babu gwamnati a duniya mai irin wannan sani a kan kuɗin ƙasarta. Wanda ke iya gano bot cikin miliyoyin asusu ba zai kasa gano mai raba dukiya ba, in yana so.

In yana so. A Afrilun 2015 Blizzard ta fito da wata tikiti a World of Warcraft da ake saye dala 20, riyal 75 ke nan a canjinmu na 3.75, a sayar wa wani ɗan wasa da zinare, shi kuma ya biya kuɗin shiga wasan na wata da ita. Ta fara a zinare 30,000 a Amurka, cikin 'yan shekaru ta haura 200,000. RuneScape da EVE ma suna da irin tata. Tikitin ba ta ƙirƙirar sabon zinare, ta kuma rage wa 'yan kasuwar bayan fage ciniki, wannan alheri ne. Amma a duba wa ya amfana. Mai tarin zinare yana wasa kyauta. Mai dala ya tsallake wahala. Kamfani ya karɓi dala 20 a madadin 15 na kuɗin wata. Wanda ba shi da zinare ba shi da dala shi ke ci gaba da noma, farashi na guje masa. A FC hanyar ta fi miƙewa: ka sayi maki da kuɗin gaske, ka buɗe fakiti, ka jira sa'a. A shekarar kuɗi ta 2021 EA ta bayyana cewa Ultimate Team na wasanninta ya kawo mata dala biliyan 1.62. Tun 2018 take nuna yiwuwar samun kati a kowane fakiti, na manyan katuna kuma sau da yawa ƙasa da kashi 1 cikin ɗari ake rubutawa. Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan fakitoci a matsayin caca, kuma a Janairun 2019 EA ta daina sayar da makin a can. Duk lokacin da tazara ta yi faɗi har yaro ya fid da rai zai kamo ta da wasa, shagon na nan a buɗe a gefen allo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani ɗan ƙanwata ya taƙaita mini shi da bakinsa: "Kawu, in ba ka yi shahan a watan farko ba, ka haƙura da shekarar kawai." Shahan ɗin nan katin PlayStation ne da ake saye da riyal a shago. Gidajenmu kuwa ba ɗaya suke ba. Akwai 'yan ƙasa masu albashi mai kyau, akwai masu iƙama da ke biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu tun 2020, ga harajin kaya na kashi 15. 'Ya'yansu makaranta ɗaya ko unguwa ɗaya, fili ɗaya suke haɗuwa a allo, yaron gida na biyu kuma yana ɗauka rashin iyawarsa ne ya sa ake cinsa. Wannan ne ya fi ci mini rai. A ƙarshen kaka kuma a share komai. Sabon wasa ya fito, koyin da katunan bara ba sa bin mutum. Ana iya cewa wannan shi ne mafi tsaurin maganin taruwar dukiya, tun da attajiri da talaka duk sun koma sifiri. Amma sifirin na kwana kaɗan ne, don abin da ke aljihun uban kowa bai goge ba, kuma riyal ɗin da aka kashe bara ya tafi tare da katunan.

Saudiyya yanzu tana cikin masu wannan harka dumu-dumu. Kamfanin Savvy, mallakar Asusun Zuba Jari na gwamnati, ya sayi Scopely, kamfanin wasannin waya, a kan dala biliyan 4.9 a 2023. Riyad ta fara karɓar baƙuncin gasar wasannin bidiyo ta duniya a 2024, da kyautar sama da dala miliyan 60. A Satumban 2025 aka sanar da yarjejeniyar sayen EA kanta a kan dala biliyan 55, asusun na cikin manyan masu sayen. Wannan ya ba iyaye da 'yan wasa na ƙasar nan bakin magana fiye da da. Abu na farko da ya kamata a nema ba ya da tsada, CCP na yin irinsa duk wata: a riƙa fitar da alƙaluman koyin nawa aka ƙirƙira, nawa aka hallaka, kashi nawa ke hannun asusu mafi arziki, da kuma awa nawa mai wasa ba tare da shahan ba zai yi kafin ya haɗa ƙungiyar da ke cin gasar ƙarshen mako. Alƙaluman suna hannun kamfani tun tuni, kuma uban da za a roƙa riyal ɗari na kati yana da haƙƙin ganinsu kafin ya zaro kuɗin.